Addi Ba, saurayin Futa Jalo da manoman Faransa suka riƙe sunansa

Ranar 18 ga watan Disamba na shekarar 1943, sojojin Jamus suka fito da mutum biyu daga gidan kaso na garin Epinal, a gabashin ƙasar Faransa. Suka kai su bisa wani tudu da ke gefen gari, suka harbe su. Ɗaya Bafaranshe ne mai gyaran famfo, sunansa Marcel Arburger. Na biyun baƙar fata ne, Bafillace, musulmi, daga ƙasar Gine. Sunansa na yanka Mamadu Hadi Ba, amma Nasara sun fi saninsa da Addi Ba. In an bi takardunsa, saura mako guda ya cika shekara 27 a duniya.

A nan Nijar mutane ƙalilan ne suka taɓa jin wannan suna. Can Faransa ma sai da hukuma ta yi shekara sittin kafin ta girmama shi. Manoman wasu ƙananan ƙauyuka ne suka riƙe sunan a bakinsu, su da tsofaffin matan da suka ba shi abinci tun suna ƴammata. Ga yadda abin ya faru.

Daga Futa zuwa ƙasar Nasara

An haifi Mamadu Hadi Ba a wani ƙauye kusa da Bomboli, cikin yankin Mamu, a tsaunukan Futa Jalo. Ƙasa ce ta Fulani, ta shanu da malamai da makarantun allo. Takarda ta ce 25 ga Disamba 1916 aka haife shi. Kowa dai ya san yadda ake rubuta shekarun mutum a zamanin Nasara: a dubi tsawon yaro, a dubi haƙoransa, magatakarda ya sa alƙalami. Ko ta yaya aka lissafa, saurayi ne ya bar gida, kuma da ƙuruciyarsa ya mutu.

Wajen 1937 ko 1938 ya tafi Faransa. Wani Bafaranshe mai karɓar haraji, da ya gama aikinsa a Gine, shi ya tafi da shi garin Langeais, bakin kogin Luwar, yana yi masa aikin gida da dafuwa. Daga baya ya koma birnin Paris.

A watan Satumba na 1939 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamus, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A watan Nuwamba Addi Ba ya kai kansa aka rubuta shi soja. Aka sa shi cikin runduna ta 12 ta tiraye.

Su wane ne tiraye?

Nasara suna kiran baƙaƙen sojojinsu "tirayen Senegal", don a Senegal gwamna Faidherbe ya fara kafa su a 1857. Amma sunan kawai ne. A cikinsu akwai Bambara, da Mosi, da Fulani, da Zabarmawa, da Hausawa, da sauran ƙabilu. Kaki suke sawa da jar hula.

Addi Ba ya shiga da son ransa. Yawancinsu ba haka suka shiga ba. Tun 1919 aka yi doka ta ɗaukar soja da ƙuri'a, shekara uku. Kwamandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, a tara samari a kai su gaban likita. A gwada ƙirji, a duba ido, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya tafi. Ɗan mai hali sau da yawa yakan tsira, ɗan talaka ko bara ya tafi a madadinsa. A ƙauyukan bakin iyaka, da an ji labarin ɗibar soja sai samari su ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi, su zauna wurin dangi har ƙura ta lafa. Can ɗin ma ba a tsira duka ba, don Ingilishi sun kwashi nasu Hausawan zuwa yaƙin Bama. Ba a ɗebi mutane a Nijar kamar yadda aka ɗiba a Mali da Burkina da Gine ba, amma an ɗiba, kuma ba duka suka komo ba.

Mako shida na wuta

Ranar 10 ga Mayu 1940 Jamus ta afka wa Faransa da tankoki da jiragen sama. Cikin mako shida sojan Faransa ya watse. Tiraye wajen 40,000 ne suka yi wannan faɗa a ƙasar Faransa, kuma kusan 17,000 daga cikinsu an kashe su, ko an ji musu rauni, ko sun ɓata.

Mutanen Hitila ba su ɗauki baƙar fata mutum ba. A wurare da dama, in sun kama sojoji sai su ware farare gefe guda, su harbe baƙaƙe. A garin Airaines, ranar 7 ga Yuni, sun harbe kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, don ya ƙi yarda a raba shi da ƴan'uwansa hafsoshi farare. A Chasselay, kusa da Liyon, ranar 20 ga Yuni, sun tara tiraye wajen hamsin a wani fili suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta baƙaƙen sojojin da aka kashe haka, bayan sun ajiye makamai, tsakanin 1,500 da 3,000.

Rundunar su Addi Ba ta yi ta faɗa tana ja da baya, har aka rutsa da ita a wani ƙauye mai suna Harréville, kwanaki kaɗan kafin Faransa ta sa hannu a takardar saduda ranar 22 ga Yuni. Aka kama shi, aka kai shi garin Neufchâteau tare da sauran fursunoni. Bai daɗe ba ya gudu, shi da wasu ƴan'uwansa tiraye. Suka faɗa daji.

Baƙo a Tolankur

Yankin da suka faɗa ana kiransa Vosges. Ƙasa ce ta tudu da kurmi mai duhu, ba nisa da iyakar Jamus. Lokacin ɗari ƙanƙara takan rufe ƙasa, ruwa ya daskare a cikin tulu. Mutumin da ya tashi a rana, ba bargo, ba abinci, ga rauni a jikin wasu, ba ya iya daɗewa a irin wannan daji shi kaɗai.

Mutanen ƙauyukan kewaye ne suka cece su. Wata malamar lakwal da wasu manoma suka riƙa kai musu burodi da madara da magani a ɓoye. Da aka samu hanya, tiraye wajen arba'in suka ƙetare zuwa ƙasar Suwis, wadda ba ta cikin yaƙin. Addi Ba yana cikin waɗanda suka shirya wannan tafiya, amma shi bai bi su ba. Ya tsaya.

Magajin garin wani ɗan ƙauye, Tollaincourt, wanda ake faɗi Tolankur, shi ya ba shi ɗaki. Aka ce wa mai tambaya ai ɗan ƙodago ne, yana aikin gona.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Bafaranshen da ya gudu daga hannun Jamus yana iya canza riga, ya canza suna, ya shiga kasuwa ya ɓace. Baƙin mutum guda a cikin ƙauyen farare fa, ina zai ɓuya? Yaro ya san shi, tsohuwa ta san shi, mai kai wasiƙu ya san shi. Ga doka mai tsanani: wanda aka samu yana ɓoye fursunan da ya gudu, kaso ne, ko a kwashe shi zuwa Jamus, ko ma a kashe shi. Baki guda ya isa ya tona asiri. To, wajen shekara uku Addi Ba yana zaune cikinsu, yana hawan kekensa daga wannan ƙauye zuwa wancan da rana tsaka, ba a samu wanda ya kai shi ba. Mutanen da suka san darajar baƙo, da kunyar a ce a gidanka aka kama wanda ya fake da kai, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Abin da ke ba da mamaki shi ne, su waɗannan manoma yawancinsu ba su taɓa zama da baƙar fata ba kafin yaƙin.

Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne gajere, mai tsabta, mai son a yi abu bisa oda. Suna kiransa "ajidan", ko da yake a takarda ƙaramin soja ne. Yana sallarsa. Ba ya cin naman alade, ba ya shan giya, a ƙasar da alade da giya su ne cimar kowane gida. Matan ƙauye suka saba, suka riƙa ware masa nasa abinci. Yana da Alƙur'aninsa, wanda za a sake jin labarinsa a gaba.

Ba zaman cin tuwo kawai ya yi ba. Tun ƙarshen 1940 ya haɗu da masu gwagwarmayar ɓoye na yankin, cikinsu har da Marcel Arburger na garin Lamarche. Yana kai saƙo, yana raka waɗanda ake nema zuwa inda za su tsira. Har wani sojan sama na Ingila da aka harbo jirginsu ya samu ƙetarewa zuwa Suwis da taimakonsa.

Sansanin daji

A watan Fabrairu na 1943 gwamnatin Vichy, wadda ke bin umurnin Jamus, ta yi dokar aikin dole. Samarin da aka haifa daga 1920 zuwa 1922 za a kwashe su zuwa Jamus su yi shekara biyu suna aiki a masana'antu. Aikin dole ba baƙon abu ba ne ga mutanen Nijar. A daidai wannan zamani kakanninmu suna fasa dutse, suna ɗaukar kaya a ka, suna gyaran hanyar mota ba lada, kuma sai a 1946 aka soke abin. Ga shi yau ya faɗa kan ƴaƴan masu mulkin, su ma suka yi abin da namu suka yi, wato gudu.

Samari suka cika daji, ba wurin kwana, ba abinci. A watan Maris na 1943 Arburger da Addi Ba da abokansu suka kafa musu sansani cikin kurmi, tsakanin Martigny da Robécourt. Suka sa masa suna Délivrance, wato Kuɓuta. Shi ne sansanin ƴan gwagwarmaya na farko a duk yankin Vosges. Mutum wajen ɗari suka taru: samarin Faransa wajen tamanin, da Rashawa goma sha takwas, da Jamusawa biyu da suka ce sun gudo daga soja.

Ciyar da mutum ɗari a ɓoye ba wasa ba ne, balle a lokacin da komi sai da kati ake saye, kuma Jamus tana ƙidaya shanu da buhunan kowane manomi. Wannan nauyi yana cikin abin da Addi Ba ya ɗauka. Yana bin gonaki, nan a ba shi dankali, can a ba shi wake ko ɗan maraƙi. Makamai kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sansanin ya fi kama da mafaka bisa ga barikin soja.

A watan Yuli Jamusawan nan biyu suka sulale. Shugabannin sansani suka gane asiri ya tonu, suka sallami samari kowa ya kama gabansa. Da sojojin Jamus suka iso, suka tarar da wuri kusan wayam. Sai suka shiga farautar shugabanni. Wanda ya fi sauƙin nema kuwa an san shi. Suna kiransa "baƙin ɗan ta'adda".

Ba a jima ba suka rutsa da shi a wata gona mai suna La Fenessière. Ya yi ƙoƙarin gudu, suka harbe shi suka ji masa rauni. Aka kai shi kaso a Epinal. Daga baya aka kama Arburger.

An gana masa azaba. Ya san kowane gida da ya ba da burodi, ya san kowace gona da ta ɓoye yaro, ya san sunan magajin gari da na malamar lakwal. Da ya buɗe baki da ƙauyuka da dama sun yi kuka. Bai ba da sunan kowa ba. Manoma sun rufa masa asiri shekara uku, shi kuma ya rufa nasu har kabari. Ranar 3 ga Disamba kotun sojan Jamus ta yanke musu hukuncin kisa, shi da Arburger. Bayan kwana goma sha biyar aka zartar.

Wata tara bayan haka, a Satumba 1944, aka kori Jamus daga Epinal.

Shiru na shekara sittin

Da yaƙi ya ƙare, Faransa ta rarraba lambobin girma ga ƴan gwagwarmaya, rayayyu da matattu. Ba a tuna da Addi Ba ba. Ba shi da uwa a kusa, ba shi da ɗa, ba wanda zai bi ofis-ofis da takarda a hannu.

Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Tiraye da yawa suna cikin rundunar da ta sauka kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944, suka kori Jamus har gindin tsaunukan Vosges ɗin nan. Da aka kusa cin nasara, sai aka janye su aka ba samari farare kayansu da bindigoginsu, aka ce wai sanyi ne. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tirayen da suka komo daga zaman fursuna suna neman haƙƙinsu na kuɗi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masu bincike suka ce sun fi haka nesa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. Fanshon mazan jiya kuma, dokar 1959 ta daskarar da shi. Tsohon soja na Tawa ko Damagaram yana karɓar ɗan abin da bai kai rabin na abokinsa Bafaranshe ba, alhali rami guda suka kwanta. Ba a daidaita shi duka ba sai a 2011, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Amma a Tolankur da ƙauyukan kewaye ba a daina zancen "ajidan" ba. Uwa ta gaya wa ɗiya, kaka ta gaya wa jika. Wani tsohon hafsan tiraye, kanar Maurice Rives, ya ji labarin, ya ɗauki abin a kansa, ya yi shekaru yana rubuta wa hukuma. A 1991 garin Langeais ya sa wa wani titi sunan Addi Ba. Tolankur ma ta yi haka. Ranar 13 ga Yuli 2003 aka ba shi lambar girma ta ƴan gwagwarmaya, dangi suka zo daga Gine aka yi bikin a gabansu. Shekara sittin ke nan bayan harbinsa.

Alƙur'anin nan nasa kuwa, ashe wani gida ne ya adana shi duk tsawon shekarun nan, mutanen da ba su iya karanta ko harafi guda a cikinsa. Wani ɗan gidan, Etienne Guillermond, ya girma ya zama ɗan jarida. Littafin nan ne ya sa shi bin sawun mai shi. Ya zauna da tsofaffi yana tambaya yana rubutawa, ya tona takardun hukuma, ya fitar da littafin tarihinsa a 2013. Da ya yi jinkirin shekara goma, da yawancin masu ba da shaidar sun tafi da abin da suka sani. Wani marubucin Gine, Tierno Monénembo, shi ma Bafillacen Futa, ya rubuta ƙagaggen labari a kansa a 2012. A 2017 aka yi silima. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta garin Colmar, cikin sahun musulmi.

Namu fa?

A ƙauyuka da yawa na Maradi da Tawa da Damagaram da Dosso akwai gidan da ake cewa kakansu ya tafi yaƙin Hitila bai komo ba. In an tambayi sunansa, wani lokaci sai an je wurin tsohuwa guda. In ta rasu, shi ke nan. Shi Addi Ba ya yi sa'a, ya samu ƙauyen da ya riƙe shi da mutumin da ya iya rubutu.

Kuma zancen bai tsaya ga na da ba. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojojin Nijar 71 suka kwanta dama. A Cinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, mutum 89. Da yawansu samari ne, sa'o'in Addi Ba ko ƙannensa. Yau iyayensu mata suna raye, sun san ranar da aka haife su da abincin da suka fi so. Jama'a kuwa adadi suka riƙe, 71 da 89.

A gidajen mazan jiya sau da yawa akan samu tsohon akwatin ƙarfe, a cikinsa ɗan littafin soja, ko lambar girma, ko hoto da jar hula. Kada a bar wa gara da yara. A nannaɗe a leda, a kai wa wanda ya iya karatu ya duba. A cibiyoyin yaƙi da jahilci, mai koyo da ya iya haɗa baƙaƙe yana iya ɗaukar shafi guda na littafinsa ya rubuta sunan mamacin, da na ubansa, da garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi, da inda aka ce ya faɗi, da sunan wanda ya ba da labarin.

Takardun tirayen Afirka ta Yamma da yawa suna ajiye a garin Pau na Faransa. Ma'aikatar sojan Faransa kuma ta sa sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 da na 1939 a intanet, a shafin da ake kira Mémoire des hommes, ɗalibi mai waya yana iya dubawa. Sai dai a yi hattara da yadda magatakardan Nasara suka rubuta sunaye. Hadi ya koma Addi a bakin alƙalaminsu, Usmanu yakan koma Ousmane, Ɗan Baraw ya koma abin da mai shi ma ba zai gane ba. Don haka mai nema ya gwada rubutun iri biyu ko uku, ya haɗa da sunan gari. In ɗan littafin sojan yana nan, a fara kwafe lambar da ke shafin farko, da shekarar da aka ɗauke shi, don da su ake buɗe rajista.